Hoto ya ce ƙashi ƙalau amma gwiwata tana zamewa, wai me ke cikin gwiwa ne?

Tela_Lamba8:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani a taimaka min, abin nan ya fara hana ni barci. Wata biyar kenan da suka wuce muna ƙwallo a filin unguwarmu ranar Asabar da yamma, na karɓi ƙwallo na dasa ƙafar dama a ƙasa zan juya in ba na gefena, wallahi ba wanda ya taɓa ni, kawai naji ƙas a cikin gwiwa har wanda ke kusa dani yace shima yaji ƙarar, na zube a wurin. Kafin a kira isha'i gwiwar tayi suntum ko ƙoƙon ba'a gani. Washegari Yaya ya ɗauke ni a mashin muka je wajen mai ɗori, ya tattaɓa yace targaɗe ne ba karaya ba, ya ja ƙafar ya murza da man kaɗe ya ɗaure. Bayan kamar sati uku kumburi ya sauka na fara takawa, amma hankalina bai kwanta ba sai naje asibiti akai min hoton ƙashi, aka duba akace ba karaya ba tsagewa, aka bani maganin ciwo na dawo gida.

To matsalar itace har yau ƙafar bata dawo daidai ba. In ina tafiya miƙe ba komai, amma da zarar na juya da sauri ko zan sauko daga adaidaita sai inji gwiwar ta zame kamar ba tawa ba, sau biyu ina faɗuwa a bakin shago. Wani lokacin kuma ta sarƙe, ba ta miƙe ba ta lanƙwashe sai na ɗan girgiza ta. Zaman tahiya ya gagare ni sai dai in miƙe ƙafar gefe. Ni tela ne, da ƙafar nan nake taka keke, da ita nake ciyar da gida. Tambayata, tunda ƙashi lafiya to menene ya lalace? Wai banda ƙashi me ke cikin gwiwar mutum ne?

Fisiyo_Arewa:

Wa alaikumus salam, sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne, irin labarinka muna jinsa kusan kowane sati. Sai an kama ƙafar an gwada ake yanke hukunci, amma tambayarka tana da amsa, bari in ɗan tsawaita.

Gwiwa itace gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam, ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Akwai wani siririn ƙashi a gefen waje na ƙwauri amma shi ba ya cikin gaɓar kai tsaye. Abinda nake so ka gane shine ƙasusuwan nan basu shiga cikin juna ba. Ka ga ƙugu, shi kan ƙashin cinya yana zaune ne a cikin rami kamar taɓarya a turmi, ko ba'a ɗaure ba yana da wurin zama. Gwiwa ba haka take ba, ƙarshen ƙashin cinya dunƙule biyu ne masu santsi, saman ƙashin ƙwauri kuma kusan shafe yake kamar faifai. Ka ɗora tulu a kan faifai ka gani in zai tsaya. To duk abinda ke riƙe da tulun nan nama ne mai laushi, shi kuma hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa. Shi yasa za'a ce maka hoto ƙalau kuma ba ƙarya akai maka ba, alhali gwiwar tana da rauni.

Na farko akwai gammo. Eh gammo dai irin wanda mai talla ke sawa a ka don tulu ya zauna. Guda biyu ne a kowace gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, guringuntsi ne mai tauri kamar roba, siffarsa kamar jinjirin wata, bakin waje da kauri bakin ciki siriri. Likitoci na ce masa meniskos. Shi ke yi wa ƙashin cinya mazauni, shi ke baza nauyi kada ya taru a wuri ɗaya. In ya yage, ɓallin da ya yage kan shiga tsakanin ƙasusuwa kamar tsakuwa a ƙarƙashin ƙofa, to sarƙewar da kace kana ji har sai ka girgiza ƙafa, yawanci daga nan take.

Na biyu igiyoyi, manya guda huɗu. Mu da Hausa komai jijiya muke cewa, ta jini jijiya, ta laka jijiya, to waɗannan jijiyoyin ɗauri ne, daga ƙashi zuwa ƙashi suke, ba jini ke gudana a cikinsu ba. Biyu suna gefe da gefe, ta ciki da ta waje, suna hana gwiwa karyewa ta gefe. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar sun gitta juna kamar yadda ake gitta igiya in an ɗaure kaya a kura. Ta baya tana hana ƙwauri zamewa baya, ta fi kauri, ba kasafai take tsinkewa ba sai irin haɗarin mota da gwiwa ta daki gaban mota. Ta gaba itace wadda kuke ji masu sharhin ƙwallo na cewa ACL, tsawonta bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, amma ita ke hana ƙwauri zamewa gaba da kuma murɗewa in mutum ya dasa ƙafa ya juya. Kuma mafi yawan masu tsinka ta ba wanda ya taɓa su, daidai yadda ka faɗa: a dasa ƙafa, a juya, aji ƙas, cikin awa biyu gwiwa ta cika. Wannan kumburin na gaggawa jini ne ya zuba a cikin gaɓar. Daga baya ciwo ya tafi mutum yana tafiya miƙe lafiya lau, sai ya zo juyawa ƙafa ta ci amanarsa. Itace ta tsinke wa Van Dijk ɗan wasan Liverpool a wasansu da Everton a Oktoban 2020 bai dawo ba sai kakar gaba, itace kuma ta tsinke wa Rodri na Manchester City a wasansu da Arsenal a Satumbar 2024, da sanduna yaje ya karɓi kyautar Ballon d'Or.

Shawarata ka nemi likitan ƙashi, in kana kusa da Kano ga asibitin ƙashi na Dala, ko sashen ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa da kai. Akwai gwajin da ake yi da hannu, a ɗan lanƙwasa gwiwar a riƙe cinya a jawo ƙwauri gaba, in jijiyar ta tsinke za'a ji ya taho ba abinda ya tare shi. Hoton da ke nuna jijiya da gammo shine MRI. Kafin nan dan Allah ka ajiye ƙwallo, duk zamewa ɗaya da gwiwar ke yi gammon take ƙara ci.

Ɗan_Sarkin_Fawa:

Allah ya saka da alheri likita, wallahi kana bayani ina ganin abin a gabana. Ni mahauci ne shekara ashirin da wani abu ina fiɗa, kuma duk abinda ka lissafa akwai shi a jikin sa da rago. Sai dai mutane na kuskure, wadda suke cewa gwiwar sa a ƙafar gaba ba ita bace mai irin wannan, ka duba ƙafar baya can sama kusa da ciki, nan ne zaka samu ƙoƙo da komai. In na sa wuƙa na buɗe wurin abu na farko da ke fitowa wani ruwa ne kaɗan mai yauƙi kamar farin ƙwai, in ka shafa a yatsa biyu ka raba sai ya ja zare. Kan ƙashin kuma fari fat yana sheƙi kamar tangaran, santsinsa ko wuƙa bata zama. Gammon nan biyu ina ciro su da bakin wuƙa, in ka tauna ɗanye baka iya raba shi. Igiyoyin tsakiya kuwa ko ka yanke duk naman da ke kewaye ka ja cinya da ƙwauri da ƙarfinka ba zasu rabu ba, sai ka lanƙwasa gaɓar ka zura wuƙa can ciki ka datse su, da ka datse kuwa shikenan ƙafa ta saki tana lilo. A tsohuwar saniya kuma na sha ganin farin nan ya goge ya zama ruwan ƙasa-ƙasa har ƙashi ya bayyana yayi kaushi. Malam tela in kana da mahauci a kusa kace ya buɗe maka ta rago ka gani da idonka, zaka fi gane abinda ke damunka. Allah ya baka lafiya.

Hajiya_Maman_Yara:

Sannu ɗana, Allah ya yaye maka. Ni tawa ba ƙwallo bace shekaru ne da jiki, amma tsohuwar saniyar da mai nama ya faɗa nice, shekarata 59. Tun wajen shekara bakwai baya na fara jin gwiwoyina suna ƙurus ƙurus in zan tashi daga tabarma, da asuba su riƙe sai na ɗan zazzaga tsakar gida su saki, matakala kuwa saukowa ta fi min hawa azaba. Kowa sai yace sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe ba adadi, har ƙaho akai min. Abinda nake so in ja kunnenka a kai shine haɗin ƙwayoyin nan na kemis da ake ƙullawa a leda ba suna. Wata maƙwabciya ta kawo min, na sha kwana biyu naji kamar an sake haihuwata, na ɗora a kai wata da watanni, sai fuskata ta kumbura tayi tulu-tulu, ciki ya dinga min zafi kamar an zuba barkono, da aka auna suga ya hau. Likitar da ta duba ni tace akwai mai sa ƙiba a ciki da masu cin ciki da taɓa ƙoda. Ciwon gwiwa bai tafi ba na ƙaro wasu.

Da muka je Umra a keken guragu jikana ya tura ni tsakanin Safa da Marwa, zuwa bakwai ɗin nan ya fi kilomita 3, ina zaune ina hawaye ina ganin tsofaffin da suka girme ni suna takawa. Da na dawo ne na tsaya na bi abinda aka ce min a asibiti, na rage tuwon dare da lemon kwalba, bayan sallar asuba ni da ƙanwata mu taka a hankali zuwa bakin titi mu dawo, na sauke kilo 6. Ban warke ba amma yanzu ina zuwa kasuwa da ƙafata. Maganar tahiya kuma kada ka takura kanka ɗana, nima da fari kunya nake ji in ɗauki kujera a masallacin Juma'a, sai malaminmu na Islamiyya ya karanto mana hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa kayi salla a tsaye, in baka iya ba a zaune, in baka iya ba a kishingiɗe. Ka miƙe ƙafarka kayi sallarka.

Abu_Sadiq_Funtuwa:

Ni dai ina ganin kada a raina masu ɗori. Gadon gidansu ne kuma mun ga aikinsu. Ƙanina mashin ya bige shi a gefen gwiwa ko tsayuwa baya yi, mai ɗori ya ɗaure shi sati shida ya miƙe har yau yana noma. Ba kowa ke da kuɗin MRI da tiyata ba a wannan halin da ake ciki. Ƙila dai malam tela bai koma an ƙara ja masa bane.

Fisiyo_Arewa:

Malam Abu Sadiq ban raina su ba, kuma maganar kuɗi gaskiya ka faɗa. Amma ka lura da inda aka bigi ƙaninka, a gefe. In duka ya zo ta gefen waje, jijiyar gefen ciki ce ke ɗamewa ko ta ɗan yage, ita kuwa a wajen gaɓar take cikin nama mai jini sosai, in aka hana ta motsi sati shida zuwa takwas da kanta take haɗewa, mu ma a asibiti yawanci takalmin gwiwa kawai muke sa mata. Ta gaban nan da ke tsakiya, wato ACL, ita ce daban. Tana cikin ruwan nan mai yauƙi da mai nama ya bada labari, jinin da zai daskare ya zama gada tsakanin bakin biyu baya samun zama, shi yasa in ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe yadda take. Ja kuwa ba ya ɗinke abinda ya tsinke. Gammon ma haka, kashi ɗaya cikin uku na bakin waje ne kawai jini ke kaiwa, yagewar nan kan warke ko a ɗinke ta, ta can ciki kuwa bata warkewa. Abu biyu nake roƙo ko wajen wa mutum zai je: kada a ɗaure tamau har yatsu suyi sanyi ko su dusashe, don babbar jijiyar jinin ƙafa ta bayan gwiwa ta bi, kuma kada a yi tsaga a kan gwiwar da ta kumbura, ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa cikin kwanaki take cinye guringuntsi. Duk gwiwar da tayi zafi rau ta kumbura ga zazzaɓi, babba ko yaro, musamman mai sikila, asibiti ake nufa a ranar.

Ɗan Sarkin Fawa ka gama min aiki wallahi. Ruwan nan a gwiwa mai lafiya bai cika cokalin shayi ba, shine man gaɓar kuma shine abincin farin guringuntsin, don shi guringuntsin ba jijiyar jini a cikinsa ko ɗaya. Kamar soso yake, in ka taka ya matse in ka ɗaga ya tsotsa, da haka yake ci. Kenan takawar da Hajiya ke yi da asuba ciyar da gwiwa take yi, zama wuri ɗaya ne ke kashe ta. Kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne a yawancin wurare, wanda ya fi kauri a duk jiki yana bayan ƙoƙon gwiwa saboda nan matsi ya fi yawa.

Hajiya sannu da ƙoƙari, kilo 6 ɗin nan ba kaɗan bane. A tafiya kawai nauyin da ke bi ta gwiwa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, a matakala ya fi haka, a tsugune kuwa matsin bayan ƙoƙo kan kai ninki bakwai. Duk kilo ɗaya da kika sauke kamar kin ɗauke wa gwiwa kilo huɗu ne a kowane taku. In da hali a sa miki masai na zama ko a ɗora kujera mai rami, tsugunon nan yana cikin abinda ya fi wahalar da irin gwiwarki. Ƙarar ƙurus ƙurus ita kaɗai in ba ciwo ba kumburi ba abin tsoro bace, matasa da yawa na da ita.

Na koma kanka ƙanena. Tafiya lanƙwasawar digiri 60 kawai take nema daga gwiwa, zama a kujera 90, amma zaman tahiya sai ta naɗe kusan 150, a nan ne ake matse ƙarshen gammon ta baya, shi yasa shi ya fara gagararka. Sannan akwai abu na uku da ban faɗa ba ɗazu, tsoka. Tsokokin gaban cinya guda huɗu ne suka haɗu suka zama agara ɗaya, ta bi ta kan ƙoƙo ta kama ƙwauri. Aikin ƙoƙon shine ya ɗaga agarar daga jikin ƙashi don jan yayi ƙarfi, kamar dutsen da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfe in za'a ɗaga abu mai nauyi. Na bayan cinya kuma suna jan ƙwauri baya, wato suna taya jijiyar da muke zargi aiki. Gwiwa in ta kumbura tsokar gaba sai ta daina kamawa sosai, cikin makonni ta rame. Kai tela ne, ɗauki tef ɗinka ka auna cinyoyin biyu daidai inci huɗu sama da ƙoƙo ka gani. Ba kowa ake wa tiyata ba, wanda ba zai koma wasan juye-juye ba da yawa in tsoka tayi ƙarfi gwiwar na daina zamewa. In kuma ta ci gaba da zamewa ko tana sarƙewa to aiki ne, ana ɗebo agara daga jikin mutum a dasa a madadin wadda ta tsinke, kuma komawa fili sai bayan wata tara ko fiye, ko su masu kuɗin Turai haka suke jira.

Tela_Lamba8:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Umma Hajiya na ji maganarki, dama akwai ƙullin ƙwayoyin a aljihuna wani abokina ya bani, na zubar. Baba mai nama naje wajen na bakin kasuwarmu ya buɗe min ta rago, na sa yatsa na taɓa igiyoyin nan biyu da suka gitta, na daɗe ina kallo.

Likita na auna kamar yadda kace, ta hagu inci 19 ta dama 17 da rabi, ni da nake auna mutane kullum ban taɓa lura ba. Jiya Yaya ya raka ni wajen likitan ƙashi, ya kwantar dani ya ja ƙwaurin hagu ya tsaya cak, ya ja na dama ni kaina naga ya taho gaba. Ya rubuta MRI, muna haɗa kuɗin, ɗinkin bikin da ke hannuna in na gama zai rage mana. Ya kuma tura ni sashen gashi, sun nuna min in naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa in danna in ƙirga goma, da ɗaga ƙafa a miƙe ina kwance. Abinda na manta ban tambaye su ba, taka keken ɗinkin da ƙafar dama zai ƙara ɓata wurin ne ko in koma takawa da hagu kafin ranar da zan koma?